Hanyar Catamount tana hannun masu gonaki

Tun daga hunturun 2020, lokacin da annobar korona ta taƙaita shiga wuraren wasa, masu zamiya a kan dusar ƙanƙara a Amurka suka yi tururuwa zuwa daji. Sun bar filayen da ake sayen tikiti inji ya haura da mutum kan dutse, sun koma hawa da ƙafarsu. Abin ya burge ni, domin wasan ya ɗan kuɓuta daga hannun manyan kamfanoni. Damuwata ita ce yawancin sababbin shigar suna ɗaukar hanyoyin nan tamkar daga sama suka faɗo.

Ɗauki hanyar Catamount a jihar Vermont. Tsawonta ya kai mil 300, kusan kilomita 480, daga iyakar Massachusetts a kudu har iyakar Kanada a arewa, an kasa ta gida 31, kowane kashi kamar tafiyar yini guda. Samari uku, Steve Bushey da Paul Jarris da Ben Rose, su suka ratsa jihar a kan katakon zamiya a 1984, a shekarar kuma aka kafa ƙungiyar Catamount Trail Association domin kula da hanyar. Kowane kashi yana da ɗan sa-kai da aka ɗora wa alhakinsa. Da kaka, kafin ƙanƙara ta sauka, shi zai tara jama'a su sare itatuwan da iska ta kayar, su gyara gadoji, su sake manna shuɗayen alamun da ke nuna hanya. Bayan ambaliyar guguwar Irene a 2011 da ta Yulin 2023, irin waɗannan mutanen ne suka shiga laka.

Wannan aikin ƙarfi ne, kowa yana iya ganinsa. Mafi wuya shi ne na baki. Wani ɓangare na hanyar yana cikin dajin gwamnati na Green Mountain, amma wani babban ɓangaren ta filayen mutane yake bi: makiyayan shanun madara, masu dazukan katako, masu tatsar ruwan zaƙi daga itacen maple. Dokar Vermont tana kare mai fili daga ƙara idan ya bar jama'a su shiga kyauta, amma ba ta tilasta masa ya bari ba. Ranar da ya sayar da filin, ko wani ya bar masa ƙofar shinge a buɗe, ko aka tare masa hanyar gida da motoci, yana iya cewa ya isa haka. Duk wanda ya ga yadda burtali yake mutuwa ya san sauran labarin: gona ɗaya ta ci hanya, doguwar tafiya ta yanke.

A Norway lamarin daban yake. Dokar 1957 ta tabbatar wa kowa 'yancin ratsa ƙasar da ba a noma ba, ƙungiyar masu yawon daji ta DNT kuma, wadda aka kafa a 1868, tana da bukkoki sama da 500, tana kafa rassan itace cikin ƙanƙara don nuna hanya. Amurka ba ta da irin wannan doka. Can sai da yardar mai fili, yarda kuwa lallashi take so kowace shekara.

Shi ya sa sabon yayin yake ba ni tsoro. Masu shigowa yanzu ba doguwar tafiya daga ƙauye zuwa ƙauye ce ta dame su ba, gangara mai tsayi suke nema a tsakanin itatuwa, su ɗauki bidiyo su sa a Instagram, gobe wurin ya cika. An ga ƙarshen irin wannan zumuɗin tun a 2007, da wasu mutum biyu suka sare ɗaruruwan itatuwa a dutsen Big Jay ba da izini ba don su buɗe wa kansu gangara, har aka gurfanar da su a kotu. Abin da ƙungiyoyi suka yi daga baya ya yi daidai: a wani wuri da ake kira Brandon Gap sun zauna da hukumar dazuka ta tarayya, aka ware wuraren gangara da izini, masana daji suna duba abin da za a sare.

Wasu za su ce ƙungiya dole ta bi inda matasa suke, in ba haka ba ta mutu da tsofaffinta. Gaskiya ne. Amma kada kuɗi da ƙarfi su ƙare a kan gangara a bar doguwar hanyar. A ganina, dalar da ta fi amfani ita ce wadda aka kashe wajen sayen haƙƙin wucewa na dindindin, wanda ake rubutawa a takardar fili, ko an sayar da filin yana nan. Aiki ne na lauyoyi da safiyo, ba ya jan hankali, amma shi kaɗai ke hana hanyar tsinkewa.

Masu wasan kuma, wanda ya iya sayen kayan zamiya masu tsada ba zai kasa biyan kuɗin zama ɗan ƙungiya ba, ba zai kuma rasa Asabar ɗaya a watan Oktoba da zai ɗauki zarto ya fita ba. Idan ya ratsa gonar wani, ya rufe ƙofar da ya tarar a rufe, ya gai da mai gida.