Wace Bakandamiya Kake Nufi?

A Damagaram da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Gafati har Mirya, in ka ce wa tsohon mai sauraron Shata ya sa maka Bakandamiya, ba zai kai hannu ga rediyo nan take ba. Sai ya tambaye ka wacce. Ta ƙuruciya, lokacin da murya ke da kaifi, kalangu na gudu? Ko ta girma, wadda aka ja ta aka cusa mata garuruwa da mutanen da ta farko ba ta san da su ba? Ba iyayi ne ya sa shi tambaya ba. Alhaji Mamman Shata ya haura shekara hamsin yana waƙa kafin rasuwarsa a 1999, kuma waƙar nan ta kirarin kai ta yi ta girma tare da shi. Duk wanda ya ce ya san ta daga kaset ɗaya, rana ɗaya kawai ya sani a cikin rayuwarta.

Irin wannan sauraro sana'a ce mai zaman kanta, ko da yake ba a cin abinci da ita. Mai yin ta ba waƙa guda yake so ba, ƙungiyar makaɗa yake bi shekara da shekaru. Ya san lokacin da aka sauya mai kalangu, yana gane muryar ɗan amshin da ya daina fitowa a kaset ɗin baya-baya, yana iya gaya maka cewa wannan a ɗakin ɗaukar murya aka yi ta, waccan kuwa a filin biki, don ga guɗar mata can ƙasa-ƙasa. A fada, inda samari ke zagaye butar shayi, mutum ɗaya irin wannan ya isa ya riƙe hira har a sha na uku.

A Turai ma akwai masu wannan ciwo, kuma inda ya fi kama su shi ne wani reshe na kiɗan rok da ya bunƙasa a Ingila daga ƙarshen shekarun 1960, wanda za a iya ce masa rok mai dogon zango. Masu yin sa sun ƙi waƙar minti uku ta rediyo. Ƙungiyar Yes, wadda aka kafa a Landan a 1968, ta fitar da faifan Close to the Edge a 1972, kuma waƙa ɗaya ta cinye fuska guda ta faifan, sama da minti 18. A shekarar dai Jethro Tull suka yi Thick as a Brick, waƙa ɗaya tal daga farkon faifai har ƙarshensa, sai dai ka juya shi a tsakiya. Kiɗan yana sauya taki a tsakiyar tafiya, ya yi nisa, ya dawo kan jigon da aka bari tun farko. Bahaushen da ya saba da waƙar fada ba zai ga abin mamaki a tsawon ba. Wanda ya taɓa zama ya saurari Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, yana ratsa sarakuna da tarihinsu, ya riga ya san cewa akwai waƙar da ba a jin ta a tsaye.

Amma a nan kamannin ya tsaya, domin abin da kowane ɓangare ya ɗauka a matsayin asali ya sha bamban.

Wurin masoyin Yes, faifai shi ne asali. An shafe watanni ana gina shi, an yi masa hoton bango, an rubuta sunan kowane makaɗi da shekarar ɗauka. Idan ya je kallon wasa, da faifan a kansa yake zuwa, yana auna ko mai jita zai iya maimaita abin da ya yi shekara arba'in da suka wuce, ko yatsu sun fara nauyi. Daga baya ma ƙungiyar ta riƙa yawon wasa tana buga tsofaffin faifanta daga farko har ƙarshe, bi da bi, don ta san abin da masoyan suka biya kuɗi su ji ke nan. Wurin mai bin Shata kuwa, fili ne asali. Waƙa tana faruwa ne a gaban mutane, da wanda ya shigo, da wanda ya yi kyauta, da wanda ya ɓata wa makaɗi rai. Kaset shaida ce kawai ta abin da ya auku a wata rana. Shi ya sa gardamar fada ba ta zama kan ko an yi waƙar daidai ba, sai kan wace rana ce ta fi.

Na'ura tana da hannu a wannan. Ƙaramin faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci a fuska guda, don haka abin da aka ɗauka na manyan makaɗa a wancan zamani gutsure ne: a taƙaita, a yi sauri, a rufe kafin allura ta kai ƙarshe. Rediyo ce ta fara ba su sarari, musamman gidan rediyon Kaduna da ake kamawa har cikin Nijar, da kuma Muryar Sahel ta Yamai. Sai kaset ta yaɗu a shekarun 1970, mai minti 60 da mai minti 90, ga kuma rakoda da kowa zai iya ajiyewa a gefen fili ya danna. Daga nan kowane biki ya zama wurin ɗauka. Kaset ɗin suka riƙa bin motocin da ke tasowa daga Kano su ratsa Daura, inda aka binne Shata, su ƙetare iyaka a Kwangwalam da Ɗan Barto, su biyo Matamaye zuwa Damagaram. Mai kwafa a kasuwa ya kwafa daga kwafi, murya ta ɗan dishe, wani lokaci saurin ma ya ƙaru saboda batirin rakodar farko ya yi sanyi. Akwai waɗanda suka girma da irin wannan gurɓataccen kwafi har suka ɗauka haka waƙar take, in ka kawo musu mai tsabta su ce ba ita ba ce.

Wani abu da ya faru a Ingila ya kan ba ni dariya idan na tuna yadda ake ba da labarinsa kamar sabuwar ƙirƙira. Ƙungiyar Marillion, mai irin wannan rok, wadda aka kafa a 1979, ta rasa kuɗin zuwa wasa Amurka a 1997, sai masoyanta suka yi karo-karo ta intanet suka tara kimanin dala dubu 60. Da za su yi faifan Anoraknophobia na 2001, sai suka nemi a biya kuɗin kafin a ɗauki ko da waƙa ɗaya. Sama da mutum dubu 12 suka biya, aka saka wa da yawa daga cikinsu da buga sunayensu a littafin da ke cikin faifan. Masana kasuwanci suna kawo wannan a matsayin farkon wata sabuwar hanya ta ɗaukar nauyin fasaha. To ai abin da ake yi a gaban makaɗin Hausa ke nan tun kaka da kakanni, har ma ya fi. A can sunanka a takarda yake tsayawa. A nan cikin waƙar yake shiga, 'yan amshi su karɓa, kalangu ya faɗe shi, jikanka ya ji shi bayan ka mutu. Mai sauraro yana cikin masu gina waƙar, kuma wannan na daga dalilan da suka sa babu biyu da ke zama iri ɗaya.

Sai dai wannan tsari yana da tsada ga wani rukuni, wato ƙungiyoyin jita na Nijar, waɗanda ake kira orkes. Su ne suka fi kusa da rok mai dogon zango a kayan kiɗa, amma sun rayu a ƙasar da ba ta da kamfanin faifai na kirki. Azna de l'Ader ta Tawa misali ce mai ciwo. Mona, jagoranta, ya ɗauki kiɗan Adar ya zuba shi a jitar lantarki mai ƙara da kuka, har ana kwatanta shi da Jimi Hendrix. Ƙungiyar ta yi shekaru kusan arba'in tana wasa, amma ba ta da jerin faifai da masoyi zai jera a kanta ya ce ga na farko ga na biyar. Sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tono abin da aka ɗauka a gidan rediyon ƙasa ya fitar da shi da sunan Zabaya. Abin da ya rage na waɗannan shekaru yana cikin kawunan waɗanda suka yi rawa a gabansu. Haka labarin yake ga orkes da dama da suka tashi a zamanin samariya da gasar matasa ta lokacin Seyni Kountché, da waɗanda suka yi takara a gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987. Da yawa sun ci kyauta, an tafa musu, ba su bar komai a hannu ba.

Tal National ta Yamai ta nemi mafita ta wata hanya. Almeida, wanda ya kafa ta a 2000, ya ɗauko mai ɗaukar sauti daga Shikago ya kawo shi Yamai maimakon kwasar ƙungiya zuwa waje, aka kuma riƙa sayar da faifan a shataletalen birni. Kaani ya fita duniya a 2013, Zoy Zoy a 2015, Tantabara a 2018, kuma masu sharhi a Turai da suka ji yadda jitoci ke saƙa da juna cikin sauri sai suka riƙa neman misali a rok mai sarƙaƙiya. Amma mutumin Yamai ba ta faifai ya san su ba. Ya san su ne a wasan dare biyar a mako, sa'a biyar ba tsayawa, makaɗa na karɓar juna a kan kayan kiɗa ɗaya: wannan ya gaji ya miƙa wa wancan, kiɗa bai yanke ba. Faifan minti arba'in da Bature ke yabo, ɗanɗano ne na abin da ake ci a gida.

Wannan karɓa-karɓa ta kawo mu ga gardamar da ba ta ƙarewa a ko'ina: in mutane sun sauya, ƙungiyar tana nan? Tun rasuwar Chris Squire a 2015, babu ko mutum ɗaya daga waɗanda suka kafa Yes da ya rage a cikinta, amma tana yawo da sunan, masoya kuma sun rabu biyu. A Marillion har yau akwai masu kiran Steve Hogarth sabon mawaƙi, alhali tun 1989 ya karɓi wurin tsohon mawaƙinsu, Fish. Mu ma haka muke yi wa 'ya'yan makaɗa. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ci gaba da kotso da salon gidan, amma sai ka ji dattijo ya girgiza kai ya ce, "Yaro, ba ka ji na uban ba ne." A ganina a nan ne masoyi na gaske yake zama azzalumi. Ba muryar uban kaɗai yake kewa ba, har da shekarunsa na lokacin da ya fara jin ta, kuma wannan babu ɗan da zai iya dawo masa da shi. Gidan kiɗa a ƙasar Hausa dama gado ne. Shi kansa Ɗanƙwairo a ƙarƙashin mahaifinsa da yayansa ya fara, kuma da an yi masa irin hukuncin da ake yi wa 'ya'yansa, da ba a kai ga jin sa ba.

Akwai kuma rabin masoyan da hirar fada ke mantawa da su. Maza ne ke gardamar wace ɗauka ta fi, amma a biki da suna, inda orkes ke samun abin sawa a baka, mata ne ke cika fili, su ne ke yin liƙi, su ne ke cewa a maimaita. Suna da nasu ilmin: sun san wace waƙa ake buɗe fili da ita, wacce ake fito da amarya, wane mawaƙi ne ke iya riƙe sunayen dangi ba tare da ya tsallake uwar ango ba. Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta yi shekaru masu yawa da ƙungiyarta ta amada a kan ƙarfin wannan sauraro, ba tare da ta jira yabon maza ba.

Yau katin waya ya gaji kaset. A kasuwar Dole ta Damagaram ko a tasha, yaro mai kwamfuta zai zuba maka ɗaruruwan waƙoƙi cikin 'yan mintoci, abin da tsohon mai tara kaset ya yi shekaru yana nema. Sauti ya tsira, amma bayani ya zube a hanya. Kaset aƙalla tana da bango, wani ya rubuta da biro cewa bikin wane ne, a gari kaza. Abin da ke cikin kati ba shi da suna sai lamba, ko sunan da wani ya ga dama ya laƙa masa. Ɗauka uku na waƙa ɗaya suna zaune kusa da juna, babu mai cewa wacce ta riga wacce. Littafin Shata Ikon Allah! da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya nuna irin aikin da ake iya yi idan aka bi masu wannan sani tun suna raye. Makaɗan Damagaram da orkes ɗin Nijar suna jiran irinsa.

Abin da ya fi damuna ba tsofaffin ɗauka ba ne, sababbin ne. Mawaƙin zamani yana haɗa waƙarsa da fiyano da kwamfuta a ɗaki, shi da mai haɗa sauti. Ranar wasa sai a sa waƙar a lasifika, ya riƙe makirfo yana bin ta da baki, yana tsoma sunan mai liƙi a tsakani. Babu mai kalangu da zai ja shi wata hanya, babu ɗan amshi da zai makara har a yi dariya, tsawon waƙar a Damagaram shi ne tsawonta a Maraɗi da Kano. Wayoyi ɗari suna sama suna ɗauka, fiye da duk rakodar da aka taɓa ajiyewa a gaban Shata, kuma dukkansu abu ɗaya suke ɗauka.