Tsiren Sabo da Gashin 'Yan Jamaika: Araha Ba Ta Hana Gyara



Duk wanda ya san Badun ya san idan magariba ta yi, motoci daga Bodija da Jericho da Ring Road sai su fara karkatowa ta Mokola, ba don komai ba sai don tsiren Sabo. Bayarabe zai ce maka ya ci suya a Legas, ya ci a Abuja, amma na Sabo daban ne. Wannan suna jari ne, kuma gadonsa muka yi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ina ganin mun fara cin uwar kuɗin maimakon ribar. Zan faɗi abin da na gani a tukubobinmu da gidajen tuwonmu da teburan shayinmu, in gwada shi da wani ƙaramin gidan abinci na mutanen Karibiyan. Ba zan kama sunan kowa ba, mai kaza a aljihu shi ya san kansa.

Mu fara da tushe. An kafa Sabo a 1916, kuma goro da shanu ne suka raya ta. Baƙo ya sauko daga Arewa da garkensa, ko ya zo sayen goro, maigida ya sauke shi, ya ba shi makwanci, ya ciyar da shi, ya riƙe masa kuɗinsa. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a kanta a 1969, kuma cikin abubuwan da ya lura da su har da yadda matan aure ke dafa abincin sayarwa daga cikin gida, suna ciyar da baƙi da gwauraye. Ke nan tun asali kwanon abincin Sabo amana ne tsakanin maigida da baƙonsa. Wanda ya ci tuwon gidanka ya ji daɗi, shi ne zai bar maka kuɗin shanunsa ya tafi hankali kwance.

To ina ruwan Sabo da Karibiyan? Tsibirai ne can hayin tekun Atlantika, kusa da Amurka, irin su Jamaika da Tirinidad da Barbados. Yawancin mutanensu jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne lokacin cinikin bayi. Sun tafi da girkinsu a ka, har da wasu tsirranmu. Daga 1948 kuma suka fara ƙaura zuwa Ingila da yawa, suka buɗe ƙananan gidajen abinci a unguwanni irin su Brixton da Peckham a Landan. A Peckham ɗin ne, da na je ganin ɗana, ya kai ni ɗaya daga cikinsu. Shago ne da bai fi ɗakin zaure ba: tebur huɗu, kujerun roba, abinci a kwanon takarda, masu ci direbobin bas ne da leburori da ɗalibai. A taƙaice, buka ce. Shi ya sa gwajin ya yi daidai, talaka da talaka.

Kafin in zauna sai da na yi tambaya biyu, kuma ina ba duk ɗan unguwar nan da zai shiga irin wurin shawara ya yi su. Ta farko, naman yankan Musulmi ne? Ta biyu, ana gasa alade a kan waya ɗaya da kaza? Domin gashin nan nasu da suke kira jak, asalinsa da naman alade aka san shi a Jamaika. Mai shagon ba ta ɓata rai ba. Ta ce ba ta sayar da alade, ta nuna mini takardar mahaucin da take saye a wurinsa. Zoɓonsu ma a tambaya, don a al'adarsu lokacin Kirsimeti wasu kan zuba masa giya.

Sai nama. Kazar jak tana kwana cikin haɗi: attaruhu, albasa mai ganye, tafarnuwa, da wani ɗan ice da suke kira fimento, ƙamshinsa tsakanin kanumfari da kirfa. Sannan a gasa ta a cikin gangar ƙarfe da aka tsaga biyu, a rufe, hayaƙi ya ratsa ta a hankali. Yajin ya shiga har ƙashi. Amma in za a faɗi gaskiya, romon da suke malalawa a sama zaƙinsa ya yi yawa, harshen Bahaushe ba ya son nama da sukari. Kuma babu abin da ya kama ƙafar ƙuli-ƙulin tsirenmu idan ya sha mai ya sha wuta daidai, da citta da masoro da kimba. A ɗanɗano, mai tukubar Sabo da ya san aikinsa bai bar musu komai ba.

To amma nawa ne suka rage masu yin aikin yadda ya kamata? Yanzu wasu sai su yanka nama shara-shara kamar takarda, su tula garin ƙuli da dunƙule da jan kala, su watsa shi a wuta mai harshe don sauri. Waje ya ƙone, ciki ɗanye. Wanda ya kwana kuma a shafa masa mai a mayar da shi kan wuta, a cusa shi a tsakiyar sabo. Tiren nama a buɗe, bakin titi, ƙurar Micra da hayaƙin acaɓa na sauka a kai. Hannun da ya karɓi tsohuwar naira shi ne zai yanka albasa. Daga ƙarshe a naɗe maka a tsohuwar jarida, tawada ta narke cikin mai ka haɗiye. Haba jama'a! A shagon can, nama yana bayan gilashi, mai karɓar kuɗi daban, mai zuba abinci daban. Gilashin nan nawa yake?

Sai shinkafa da wake. Su ma abincin yau da kullum ne a wurinsu, kamar garau-garau a wurinmu. Suna dafa ta da jan wake da madarar kwakwa, su jefa attaruhu guda ba tare da sun fasa shi ba, don ƙamshi kawai. Ta yi washar-washar, ba tsakuwa ko ɗaya. A gefe ga soyayyar agada, wadda maƙwabtanmu ke kira dodo, ga naman akuya a cikin kori, girkin da suka koya daga Indiyawan da aka kai Jamaika aikin rake tun daga 1845. Akuyar ta dahu har tana saɓulewa, ko da yake ƙashi ya fi tsoka yawa, kuma gishiri ya ɗan zarce. Mu kuma garau-garau ɗinmu, idan aka samu man gyaɗa na gaske da yaji mai daddawa, wa zai raina shi? Matsalar ita ce man. Wanda aka soya ƙosai da shi shekaranjiya, aka soya kifi jiya, ya yi baƙi ƙirin, shi ake zuba wa mutum yau. Tsince shinkafa kuwa wasu sun mayar da shi aikin haƙorin mai ci.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan kayanmu da na tarar a can da wasu sunaye. Zoɓo suna kiransa soril, da citta da kanumfari kamar namu. Wani soye-soye na fulawa da busasshen kifi da ake yi a Tirinidad sunansa akara, kusan yadda Yarbawa ke kiran ƙosai. Goro, wanda ya gina unguwar nan, a Jamaika bisi suke ce masa, suna niƙa shi su sha kamar shayi. Abincin da suke alfahari da shi a matsayin na ƙasa kuwa, aki da kifi mai gishiri, akin nan ɗan icen da Yarbawa ke kira ishin ne, mu kuma gwanja kusa, an kai shi can daga ƙasashenmu a ƙarni na 18. A kula dai, wanda bai buɗe da kansa a kan ice ba guba ne, su ma sun san haka. Ga shi yana zuba a ƙasa a nan ba mai kallonsa, su sun sa shi a gwangwani suna sayar wa duniya.

Ku dubi zoɓo kawai. Jigawa da Kano ake noma shi, ana loda shi har ƙasar Meziko. Mu masu shi, ya muke sayar da shi a Sabo? A cikin robobin da yara suka tsinto, wasu daga wurin biki, wasu Allah kaɗai ya san daga ina. A zuba garin zaƙi na leda maimakon sukari, a ƙara kala, da ruwan da ba a tafasa ba. A shagon can, kwalba sabuwa ce a rufe, ga ranar da aka yi shi a jiki. Zoɓon Jigawa bai fi nasu rauni ba, riƙon ne ya bambanta.

Na san abin da za a ce: Malam, can Ingila ce, nan Najeriya. Gaskiya ne. Can hukuma na zagayawa tana ba gidajen abinci maki daga 0 zuwa 5 a kan tsafta, da yawa suna manna takardar a ƙofa. Can akwai wuta da ruwan famfo. Nan kuwa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin motar shanu da tumatir da albasa daga Arewa ya haura, gas ya yi tsada, gawayi ya bi shi. Mahautanmu ma tun da aka mayar da mayanka Amosun a yankin Akinyele a 2018, ɗauko nama ya ƙara musu ɗawainiya. Ni ma ɗan kasuwa ne, na san zafin jari. Ban ce mai tuwo ta sayar da asara ba. Idan kaya sun yi tsada, ƙara kuɗi halal ne. Rage malmala a faɗa wa mai saye, halal ne. Abin da ba halal ba shi ne a bar farashi yadda yake a ɓoye aibi: naman jiya a cikin na yau, ƙashi a ƙarƙashin tsoka, shayin da madararsa rabi ruwa ce. Sura guda ce a Alƙur'ani, Muɗaffifina, ta sauka da gargaɗi a kan masu tauye mudu, kuma babu inda aka ce mudun hatsi kaɗai ake nufi.

Akwai kuma maganar farashi biyu. A shagon 'yan Jamaikan nan allo ne a bango, ƙaramin kwano kaza, babba kaza, ko kai waye. A wasu tukubobinmu kuwa sai an dubi takalminka da motarka da harshenka. Ɗan unguwa tsinke biyar, Bayaraben da ya zo da iyalinsa tsinke uku a kuɗi ɗaya. Wannan ba wayo ba ne. Mu baƙi ne a garin nan ko da kakanninmu a nan aka haife su, kuma abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ya isa ya tuna mana cewa zaman lafiya da maƙwabta ba abin wasa ba ne. Duk wanda ya ci tsiren Sabo ya koma gida yana yabo, garkuwa ce gare mu. Wanda ya kwana yana zagayawa bayi kuma, ba zai ce wane ne ya cuce shi ba, cewa zai yi Hausawa.

Kada a ce ban ga alheri ba. Akwai iyayenmu mata a lungunan nan da masarsu da miyar taushensu, wallahi ko a Kano sai an tona. Akwai gidan tuwon da za ka ga kwanuka a kife, ruwan wanke hannu da sabulu a ƙofa, miyar kuka da man shanu na gaske. Akwai dattawan mahauta da idan nama ya kwana sai su gaya maka, su rage maka kuɗi. Waɗannan ba su fi kowa jari ba, kuma layinsu ne ya fi tsawo. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa talauci ne ya hana gyara. Sai dai ko a gidajen kirkin akwai abu ɗaya da ke damuna: yarinya da tiren abinci a ka, ƙarfe goma na safe, sa'o'inta na aji. Ribar masa ba ta kai karatun 'ya mace ba. A aika ta bayan an tashi, ko a samu babba ya zauna da kayan.

Ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. A rufe nama da gilashi ko raga. A daina naɗi da jarida, a sayi farar takarda. A rubuta farashi a allo kowa ya gani. A ajiye bokiti mai famfo da sabulu. Zoɓo da kunun aya a zuba su a sabuwar roba. Shugabannin mahauta da na masu shayi su zauna da fadar Sarkin Hausawa su mayar da wannan ƙa'ida, su riƙa zagayawa da kansu tun kafin jami'an duba-gari su zo da kwaɗo da takardar tara. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Mu masu saye kuma mu daina kunya: in ka ga abin da bai yi ba, ja mai kayan gefe ka gaya masa cikin mutunci, in bai gyara ba ka kai kuɗinka gaba.

Hukuncina dai shi ne: a ɗanɗano Sabo ce gaba, a riƙon sana'a 'yan Jamaikan nan sun sha gabanmu. Mutanen da aka raba da ƙasarsu da harshensu sun riƙe zoɓo da goro da wake da daraja, har suna ci da iyalansu da su a ƙasar wasu. Mu da abin yake hannunmu ba mu da uzuri.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya ciyar da mu halal, ya zaunar da Sabo da maƙwabtanta lafiya. Wassalam.