Jinjina ga Masu Kauɗa a Ƙasar Daura

Idan tumatir ya yi yawa a lambunan rani na madatsun Sabke da Daberam, farashin kwando kan faɗi warwas, manomi ya rasa mai saye. A nan matan ƙasar Daura ke nuna gwaninta. Daga Sandamu zuwa Ɓaure, Zango da Mai'aduwa, tabarmi ne shimfiɗe a tsakar gida, jajur da yankakken tumatir da tattasai.

Aikin kauɗa yana da ƙa'ida. Ba a sa ruɓaɓɓe. A tsaga, a baza kada wani ya hau wani, a kwashe kafin raɓa ta sauka. Kuɓewa a yanka ta ƙanana. Kuka da zogale kuwa sai inuwa, don kada korensu ya dushe. Busasshiyar iskar hunturu ta zuƙe ruwan, ruɓa ta rasa mashiga.

Firji sai da wuta, kauɗa kuwa buhu ya ishe ta. Da damina, in ɗanyen tumatir ya gagari talaka, ita ke rufa asirin tukunyar miya.

Sannunku da aiki, iyayenmu mata.