Ahalari Da Yaron Da Ya Balaga

A makarantunmu na nan Njamena, da wuya ka samu ɗalibin da bai fara fiƙihu da Ahalari ba, wato Mukhtasar na Shehu Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16. Littafin ya cancanci matsayinsa, domin bai ɓoye komai ba: ya kawo abubuwa uku masu wajabta wanka, janaba da haila da jinin biƙi, ya kuma bayyana cewa hailar mai farawa ba ta wuce kwana 15.

Amma fa akwai giɓi. Ya buɗe da wajiban mukallafi, sai dai bai faɗa wa yaro yadda zai gane ya balaga ba. Wannan sai a Murshidul Mu'in na Ibnu Ashir: fitar maniyyi, haila, ciki, gashin mara, ko cika shekara 18.

Shehu taƙaitawa ya yi, ya bar sharhi ga malami. Mu ne in an zo babin haila sai mu karanta da sauri mu wuce. Yarinya ta ga jini, ta zaci ciwo ne, ta ɓoye tana salla. Yaro ya yi mafarki, ya yi alwala kawai ya shiga sahu. Wa ke da alhakin waɗannan salloli?

Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar addini ba. To, malama ta zauna da 'yan mata, malam ya zauna da samari, tun kafin alamar ta zo. In mun yi shiru, waya ce za ta karantar da su. Wallahu a'alam.