Kafe-Resa: Nazari a kan Al'adar Sauya wa Tsohon Babur Fasali

Daga cikin al'adun da suka tsiro a kewayen babur bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kaɗan ne suka yi tsawon rai da yaɗuwa kamar wadda ake kira kafe-resa, wato mutum ya sayi tsohon babur na hannu, ya kwance shi a gida, ya cire duk abin da yake ganin nauyi ne kawai, ya sauya masa sirdi da tanki da hannun tuƙi har ya fito da kamannin baburan tsere. Sunan daga Ingilishi ya samo asali, haɗin kalmomi biyu ne masu nufin shagon shan shayi da ɗan tsere, kuma da fari ba'a ce ake yi wa samarin Landan waɗanda tserensu bai wuce daga wannan shago zuwa wancan ba. Samarin suka karɓi sunan suka mayar da shi kirari, daga bisani ya tashi daga kan mahayin ya koma kan babur ɗin kansa.

Al'adar ta kafu ne a Ingila cikin shekarun 1950, lokacin da abubuwa da dama suka haɗu wuri guda. An daina rabon man fetur da ƙa'ida a 1950, aikin masana'antu ya samu, saye da biya kaɗan-kaɗan ya sa ɗan leburan da ba zai iya mallakar mota ba yana iya mallakar babur, sannan ga shagunan shayi na direbobin manyan motoci waɗanda ba a rufe su dare da rana. Mafi shahara a cikinsu shi ne Ace Cafe da ke kan titin North Circular a arewa maso yammacin Landan, wanda aka buɗe a 1938, bam ya lalata shi lokacin yaƙi, aka sake gina shi a 1949. Burin samarin da ke taruwa a can shi ne abin da suke kira tan, wato gudun mil 100 a awa ɗaya, kimanin kilomita 160, a zamanin da ba a riga an ƙayyade gudu a manyan hanyoyin wajen gari ba, domin dokar mil 70 sai a ƙarshen 1965 ta zo, tilasta hular kwano kuwa sai a 1973. Ba daidai ba ne a ba da tarihin nan ba tare da an ambaci cewa samari da yawa sun bar rayukansu a kan waɗannan hanyoyi ba, abin da masu begen zamanin kan tsallake.

Abin koyin samarin shi ne baburan da ake tsere da su a tsibirin Man, inda aka fara gasar TT a 1907, musamman Norton Manx da BSA Gold Star. Waɗannan sun fi ƙarfin aljihun yawancinsu, saboda haka sai suka ɗauki baburan zuwa aiki suka yi ta matsa su zuwa ga waccan siffa, kuma a nan ne mai nazari ya kamata ya tsaya ya lura, domin kowane sauyi da aka yi yana da dalilin da ya haife shi. An cire dogon hannun tuƙi aka ɗaura gajeru guda biyu kai tsaye a jikin ƙafafun gaba, don mahayi ya kwanta a kan tanki iska ta rage dukan ƙirjinsa. Da yake wanda ya kwanta gaba ba zai iya barin ƙafafunsa a inda suke ba, sai aka mayar da matakan ƙafa baya tare da sandar giya da ta birki. Sirdi ya koma na mutum ɗaya mai tozo a baya, wanda ke tokare mahayi kada ya zame idan ya ja maƙura. Tanki ya koma dogo na alminiyam mai lotsawa a gefe inda gwiwa za ta shige. Bututun hayaƙi aka lanƙwasa shi baya don kada ya taɓa ƙasa a kwana. Siffar da ake yabo a yau, wato miƙaƙƙen layin nan da ya taso daga ƙasan tanki har ƙarshen sirdi, sakamakon waɗannan dalilai ce, ba wanda ya zauna ya zana ta tun farko.

Ƙololuwar wannan fasaha ita ce babur ɗin da ake kira Triton, wanda babu kamfanin da ya ƙirƙiro shi, sunansa ma rabin Triumph ne rabin Norton. Norton na da firam, wato ƙashin ƙarfen da inji da tayoyi ke rataye a jikinsa, wanda Rex McCandless na Belfast ya ƙera, aka yi masa laƙabi da Featherbed, ma'ana katifar gashin tsuntsu, saboda laushin tafiyarsa, ga shi kuma yana kwanciya a kwana ba tare da rawa ba. Da shi Norton ta lashe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a manyan tseren TT guda biyu na 1950. Triumph kuwa na da inji mai silinda biyu na sisi 650 wanda ya fi sauƙin ƙara wa ƙarfi, kayan gyaransa kuma sun fi araha, amma firam ɗinsa ba ya jure gudu. Wani abin da ya taimaka shi ne masu tseren ƙananan motoci sun riƙa sayen Norton Manx don injinsa kaɗai, suna sayar da firam ɗin. Kafin 1963 injin Triumph na 650 da akwatin giyarsa a rabe suke, don haka mai haɗin sai ya yanka farantan ƙarfe ya daidaita su, ya tabbatar sarƙar inji da ta baya sun tsaya a layi ɗaya, kuma nauyin injin ya zauna inda ba zai ɓata tafiyar babur ba. Aiki ne na awo da haƙuri, kuma an gwada shi a fili, domin Dave Degens ya ci tseren awa 24 na Barcelona a 1965 a kan Triton. An yi irin wannan aure tsakanin Norton da Vincent aka samu Norvin, da kuma tsakanin Triumph da BSA aka samu Tribsa.

Shekarar 1969 ce ta rufe zango na farko: a cikinta aka rufe Ace Cafe, a cikinta kuma Honda ta fito da CB750 mai silinda huɗu da birkin faifai a gaba da tayarwa da maɓalli, wanda yake wuce tan daga shago ba tare da an sa masa sifana ba. Kamfanoni suka ɗauki siffar suka riƙa sayar da ita a shirye, kamar Ducati 750 Super Sport da Moto Guzzi Le Mans a shekarun 1970, da Triumph Thruxton a 2004.

Farfaɗowar da aka gani tun daga farkon ƙarnin nan, bayan sake buɗe Ace Cafe gaba ɗaya a 2001, ta zo da wani juyi, domin baburan Japan da suka durƙusar da masana'antar Ingila su ne suka tsufa suka yi araha, suka zama kayan aikin sabbin masu gyara: jerin Honda CB, da CX500, da Yamaha SR400 da XS650, tare da tsofaffin BMW na Jamus. Sai dai ma'aunin ya sauya. Saurayin 1960 yana auna aikinsa ne a kan titi, a gaban abokan da za su ga ko ya riga su ko sun riga shi, na yau kuwa galibi a hoto ake auna nasa, hoton da aka ɗauka daga gefe babur na tsaye, aka watsa a intanet. Hoto ba ya nuna yadda babur ke shan kwana ko yadda yake tsayawa idan an taka birki, abin da yake nunawa shi ne layi da fenti da sarari, kuma sannu a hankali sauye-sauyen da suka fi yaɗuwa suka zama waɗanda suka fi kyau a ido, ko da sun rage wa babur lafiya.

Misali mafi bayyana shi ne cire akwatin iska. Don a samu fili mai kusurwa uku a ƙarƙashin sirdi wanda ido zai ratsa ta cikinsa, sai a cire akwatin da iska ke bi kafin ta shiga kafireto, a maye gurbinsa da 'yan ƙananan matatai a bakin kowane kafireto. Yawancin baburan Japan na ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1980 suna da irin kafireton da jan iskar inji ke ɗaga marfinsa, wanda yake buƙatar iska mai natsuwa, kuma akwatin ne ke natsar da ita. Idan aka cire shi iska ta yi yawa a kan mai, inji ya riƙa shaƙewa a tsakiyar gudu yana ɗaukar zafi, har ta kai ga cin fistin idan ba a sauya ƙananan ƙofofin mai da allurar kafireto ba, aikin da ke cin makonni na gwaji kuma sau da yawa ba ya mayar da babur yadda yake. Haka cire madigadin gaba: a baburan da ƙafafunsu na gaba sirara ne, ƙarfen madigadin shi ke ɗaure su biyun kada su murɗe, ban da tare ruwa da tsakuwa. Akwai kuma manyan tayoyi masu zanen shekarun 1940 da ake sakawa don kwarjini alhali ba su kama kwalta a jiƙe, da ƙyallen da ake naɗe bututun hayaƙi da shi wanda ke riƙe danshi ya jawo tsatsa, da gajeren hannun tuƙi da aka ɗaura ba tare da an mayar da matakan ƙafa baya ba, ya bar mahayi a naɗe nauyinsa duk a wuyan hannu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ari kamannin tsere, ya kuma saɓa wa manufar da ta haifi kamannin.

Sauyin da ya fi jawo gardama shi ne yanke wutsiyar firam a yi waldar lanƙwasasshen bututu a wurin, domin shi kaɗai ne ba a komawa baya daga gare shi. Idan ba a auna iyakar tasowar tayar baya ba, takan doki ƙasan sirdi a rami, idan kuma an taɓa mariƙin shokozoba to an taɓa wurin da ke ɗauke da nauyin mahayi baki ɗaya. Masu son a mayar da tsohon babur yadda ya fito daga kamfani suna ganin wannan ɓarna ce, kuma suna da hujja idan babur ɗin cikakke ne mai lafiya ko irinsa ya yi ƙaranci. Hujjarsu tana raunana idan ana maganar wanda ya shekara 20 a jingine, tankinsa ya huje, wanda in ba don mai gyaran ba sai dai 'yan gwangwan. Hukuma ma ta shiga maganar ta nata ɓangaren: a Jamus sai masu binciken lafiyar ababen hawa sun amince da irin wannan sauyi an rubuta shi a takardun babur, a Birtaniya kuma rangwamen binciken shekara-shekara da ake yi wa abin hawan da ya haura shekara 40 ba ya hawa kan wanda aka yi wa babban sauyi.

Duk da wannan suka, kuskure ne a ɗauki al'adar a matsayin kwalliya tsagwaronta, domin tana riƙe da wani abu da ke neman ɓacewa a ƙasashen da aka saba jefar da abin da ya lalace, wato mutum ya san na'urarsa da hannunsa. Sabon babur mai kwamfuta a ciki ba ya barin mai shi ya wuce canjin baƙin mai, tsoho mai kafireto kuwa littafin kamfani da 'yan sifanu da mita sun isa a bi shi daga fulogi har taya. Aikin waɗanda suka ƙware ana gane shi ne daga tsarin da suka bi. Sukan fara tayar da babur a yadda yake su hau shi na wani lokaci don su san halinsa, sannan su bi birki da tiyonsa da ya bushe, da boris na wuya da na tayoyi, da man ƙafafun gaba, da tsohon wayarin da ya fara ƙonewa, da tayoyin da lambobi huɗu na jikinsu ke faɗin mako da shekarar da aka yi su. Fenti da sirdi su ne na ƙarshe. Sukan kuma adana duk abin da suka kwance maimakon su zubar. Wannan tsari shi ne ya fi kusa da na masu Triton, ko da babur ɗin da aka gama bai yi kama da nasu ba.

A Indonesiya da Tailan da Brazil, inda manyan baburan nan ke da tsada, al'adar ta sauka a kan ƙananan injuna, daga cikinsu har da Honda CG125 na 1975 da ire-irensa da Sin ke ƙerawa, wato dangin injin da ya cika titunan Kano da Maraɗi. Honda ta ƙera shi ne musamman don ƙasashen da ake lafta wa babur kaya ana kuma jinkirin canza masa baƙin mai, shi ya sa ta sauƙaƙa cikinsa ta sa masa matatar iska ta soso da ake wankewa. Irin wannan inji ba zai taɓa kusantar tan ba, don haka mai gyaransa ba shi da abin da zai nema a wajen gudu, ribar da ke gabansa ita ce ta rage nauyi da gyara birki da daidaita zama da jikinsa, kuma a babur ɗin da nauyinsa bai wuce kilo 100 da 'yan kai ba, kilo 10 da aka cire ana jin sa tun a kwanar farko.