Ranar Miƙa Tuta: Nazarin Al'adar Sauyin Kwamanda a Aikin Soja

Daga 27 ga Agusta 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, zuwa 29 ga Mayu 1999, sojoji huɗu ne suka riƙe ta: Kanar Olayinka Sule, Kanar Ibrahim Aliyu, Laftanar-Kanar Rasheed Shekoni, sai Laftanar-Kanar Abubakar Zakariya Maimalari. Mutumin Ɗanzomo ko Gagarawa bai zaɓi ko ɗaya daga cikinsu ba, a rediyo yake jin an kawo wane, an ɗauke wane. Duk da haka akwai abin lura a tare da su. Duk wanda aka ce wa tashi, ya tashi. Sule ya miƙa wa zaɓaɓɓen gwamna Ali Sa'ad Birnin Kudu a Janairun 1992. Shekoni, da aka mayar da shi Kwara a 1998, ya tattara nasa ya nasa ya bar Dutse. Maimalari ya miƙa wa zaɓaɓɓen gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Wannan saurin sauka daga kujera tarbiyyar bariki ce, tana kuma da biki nata na musamman da ake yi duk sanda za a canza kwamandan bataliya, ko na birged, ko na shiyya.

Bikin ba shi da tsawo. Sojoji su jeru a fili, mai barin gado ya zaga ya duba faretin girmamawa karo na ƙarshe, masu badujala suna kiɗa. Daga nan shi da magajinsa su zauna a teburi ɗaya, kowa ya rattaba hannu a takardar miƙa aiki. Sai a kawo tutar rundunar, tsohon kwamanda ya damƙa wa sabo hannu da hannu, a gaban kowa. A sauke tutar wancan daga sanda, a ɗaga ta wannan. Mai tafiya ya yi jawabin ban kwana, ya gode, ya nemi gafara, ya roƙi a bai wa magajinsa haɗin kai. Mai zuwa kuwa ba ya tsawaitawa. Idan janar ne ya kammala aiki baki ɗaya, akan shirya masa wani faretin dabam, a tsayar da shi a buɗaɗɗiyar mota, hafsoshi su kama igiya su ja shi har ƙofar bariki.

Wanda ya kalli wannan a talabijin zai iya cewa ado ne kawai na masu kaki. Ni ban ɗauke shi haka ba. Dalilin tara sojoji a fili shi ne kada ko kurtu ɗaya ya kwana yana shakkar wa zai sara wa gobe. Rundunar da ke riƙe da bindiga ba ta jure sa'a guda ta rashin sanin mai ba da umarni. Shi ya sa ake yin abin da rana tsaka, da shaidu, a kuma rubuta. Sannan tutar da ake miƙawa tana gaya wa kowa cewa rundunar ba ta kwamanda ba ce. Ya zo ya same ta, zai tafi ya bar ta, kuma ba a yarda ya naɗe tutar ya kai gidansa ba.

Daga Turawan Ingila muka gaji siffar bikin, ta hanyar rundunar da Lugga ya harhaɗa a ƙarshen ƙarni na 19, wadda tushenta ya koma ga dakarun Hausawa da John Glover ya tara a Legas a 1863. Har bayan Yaƙin Duniya na Biyu da Hausa ake magana da ƙananan sojoji a bariki. Amma tuta da kanta ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Da tuta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya wakilta jagororin jihadi, kowa ya san haka. Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa wajen 1750, ba ta cikin masu tutar Sakkwato, Barno take yi wa mubaya'a, ta kuma sha gwabzawa da Haɗeja da Damagaram. Ƙasar da ta rayu a tsakanin manyan maƙwabta irin waɗannan ta san darajar jagoran yaƙi tun kafin Nasara ya zo.

Inda al'adun biyu suka rabu shi ne wajen sauka. A sarautarmu ta gargajiya, Madawaki ko Sarkin Yaƙi yakan riƙe rawaninsa har mutuwa, in ba an tuɓe shi ba ko tsufa ya sa ya yi murabus. Mai Martaba Sarkin Gumel Alhaji Ahmad Muhammad Sani II ya haura shekara 40 a kan karaga, mahaifinsa ma ya riƙe ta tun daga 1944. Wannan daɗewa ita ce ƙarfin sarauta, domin sarki ya san kowane gari da zuriyar da ke cikinsa. Soja kuma akasin haka aka gina shi: ka riƙe runduna shekara ɗaya ko biyu, kana da ƙarfinka da lafiyarka, a ce miƙa, ka miƙa. An yi haka ne da gangan, don kada sojoji su saba da mutum ɗaya har biyayyarsu ta koma kansa ta bar ƙasa.

Rayuwar hafsa gaba ɗayanta jerin irin waɗannan ranaku ce. Yaro ya bar Maigatari ko Sule Tankarkar ya shiga Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, NDA, wadda aka buɗe a 1964. Ya yi shekara biyar in sojan ƙasa ne, ya fito da anini a kafaɗa da lambar kwas ɗinsu, lambar da za ta bi shi har ritaya. Ya fara da 'yan sojoji kaɗan, ya zama kyaftin, ya zama manjo. Ya je kwalejin Jaji, wadda aka kafa a 1976, ya koyi aikin ofis da tsara yaƙi. In ya dace ya riƙe bataliya yana laftanar-kanar, wanda a nan ne ake gane kwamandan gaske. Mai rabo ya wuce Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja, ya samu birged, ya samu shiyya. Iyakar aikin shekara 35 ce, kuma yawanci ba sa kaiwa, domin kujeru suna raguwa yayin da ake hawa. A tsawon wannan tafiya mutum zai karɓa ya miƙa sau da yawa, har abin ya zame masa jiki.

To, a nan ne nake da magana. Abin da ake nuna wa 'yan jarida shi ne tuta da musafaha, alhali nauyin ranar yana cikin takardar da aka sa wa hannu. A cikinta ake rubuta yawan sojoji, da bindigogi da harsasai, da motocin da ke tafiya da waɗanda ke kan dutse, da bashin da ake bin rundunar, da wuraren da ke da hatsari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan mai barin gado ya ƙawata takardar don kada a ga gazawarsa, magajinsa kuma ya sa hannu ba tare da ya shiga rumbun makamai ya ƙirga ba, saboda kunyar na gaba ko zumuncin 'yan kwas ɗaya, to an yi fareti amma ba a miƙa komai ba. Ƙaramin soja ne zai biya kuɗin wannan kunya ranar da aka tura shi daji da motar da takarda ta ce lafiyarta lau.

Akwai kuma abin da takarda ba ta iya ɗauka, kuma shi ya fi shafar irin ƙasarmu ta bakin iyaka. Kwamandan da ya yi shekara guda a yanki ya fara sanin hakimai da dagatai, ya san wane arɗo ne maganarsa ke kashe rigima tsakanin manoma da makiyaya, ya san hanyoyin da ake bi da dabbobi zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, ya san waɗanda ke gaya masa gaskiya da masu kawo masa tsegumi. Yana gama sanin wannan sai takardar canjin wuri ta iso. Sabo ya zo ya fara daga farko, talaka kuma ya sake koyon fuska. Ban ce a bar mutum ya dawwama ba, na riga na faɗi hatsarin hakan. Amma me zai hana tsoho da sabo su yi mako biyu tare, su zaga fadar sarki da gundumomi, a gabatar da sabo ga mutanen da zai yi aiki a cikinsu? Gaisuwar ban girma ta rabin sa'a a fada ba ta wadatar ba.

Babbar asara tana can sama. A al'adar sojan Najeriya babba ba ya sara wa ƙaraminsa, saboda haka duk sanda aka ɗauko babban hafsa daga kwas na ƙasa, sai waɗanda suka girme shi su ajiye kaki. Laftanar-Janar Ibrahim Attahiru, ɗan kwas na 35, ya karɓi ragamar sojan ƙasa daga Tukur Buratai a Janairun 2021, ya rasu a hatsarin jirgin sama a Kaduna ranar 21 ga Mayu na shekarar, Allah ya jiƙansa. Aka naɗa Faruk Yahaya, ɗan kwas na 37, janar-janar da dama na gabansa suka tafi gida. A Yunin 2023 aka naɗa Taoreed Lagbaja na kwas na 39, aka sake yin wani zubin. Mutanen nan ƙasa ta kashe dukiya ta horar da su shekara 30, wasu a Jaji, wasu a ƙasashen waje, kuma an sallame su ana tsakiyar yaƙi a Barno da Zamfara, ba don sun gaza ba.

Musulmi yana da abin da zai auna wannan da shi. Sayyidina Umar ya sauke Khalid bin Walid daga jagorancin rundunar Sham ya ɗora Abu Ubaida bin Jarrah, alhali Khalid bai taɓa shan kaye a fagen fama ba. Khalid ya miƙa, ya kuma ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin wanda aka ɗora a kansa. Rundunar ba ta rasa gwanintarsa ba, shi ma darajarsa ba ta ragu ba. Al'adar da ta koya wa hafsa sauka amma ta kasa koya masa aiki a ƙarƙashin ƙaninsa, rabin tarbiyya ta ba shi.

Ba zan wuce ba sai na ambaci wanda ba a ja wa mota da igiya. Saje ko samanja ya yi shekara 35 yana gadin ƙasa, ya dawo Gumel da jaka ɗaya, ya shiga zaryar fansho da garatuti. Matan waɗanda suka kwanta dama a fagen daga ma haka. Sunayensu da haƙƙoƙinsu ya kamata su kasance a shafin farko na takardar miƙa aiki, magaji ya karɓe su a matsayin amana kamar yadda ya karɓi makamai.

Duk da waɗannan kurakurai, ina tare da al'adar, saboda na san abin da ke faruwa idan aka tsallake ta. A Fabrairun 1965 Manjo-Janar Welby-Everard, Baturen ƙarshe da ya shugabanci sojan Najeriya, ya miƙa wa Aguiyi-Ironsi cikin tsari. Ba a cika shekara ba, a daren 15 ga Janairu 1966, wasu manjoji suka nemi ƙwace iko da bakin bindiga. Cikin waɗanda suka kashe har da Birgediya Zakariya Maimalari, mahaifin kantoman Jigawa na ƙarshe, ɗaya daga cikin 'yan Najeriya na farko da suka fito daga Sandhurst, kuma kwamandan birged ta biyu a Legas. Wanda ya harbe shi, Manjo Emmanuel Ifeajuna, hafsa ne da ke aiki a ƙarƙashinsa. Daga wannan dare ƙasar ta faɗa juyin mulki na biyu, ta faɗa yaƙin basasa na wata 30. Ɗan Maimalari kuwa ya miƙa mulki lami lafiya a 1999, kuma cikin 'yan makonni gwamnatin Obasanjo ta yi masa ritaya tare da sauran hafsoshin da suka riƙe muƙaman siyasa. Ya tafi bai ɗaga murya ba, wannan kuma abin a yaba masa ne.

Misali na kusa yana tsallaken iyaka. Janar Abdourahamane Tchiani ya riƙe rundunar tsaron fadar shugaban Nijar tun 2011, shekara 12 mutum ɗaya a kujera ɗaya. Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarunsa suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Shi ya ce taɓarɓarewar tsaro ce ta sa, rahotanni da yawa kuma sun ce ana shirin canza shi ne. Ko wanne ne gaskiya, sakamakon a ƙofarmu ya sauka. Aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, kasuwar Maigatari ta yi sanyi, dillalan shanu da raƙuma da masu lodin motoci suka zauna, 'yan uwa na jini tsakanin Gumel da Damagaram suka koma bin ɓarauniyar hanya don zuwa suna ko gaisuwar mutuwa. Wannan ya isa ya nuna wa manomin Ɗanzomo cewa canjin kwamanda a bariki mai nisa ya shafi tukunyar gidansa.

Kirana ga hedikwatar tsaro da Majalisar Tarayya, musamman ɗan majalisar da ke wakiltar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, shi ne a ƙayyade wa'adin kowace kujerar kwamanda a kuma tsaya a kansa, a sa wani hafsa na dabam ya tantance takardar miƙa aiki kafin a sa mata hannu, a kuma nemo wa janar-janar da aka tsallake aikin da za su ci gaba da yi a makarantun soja da ofisoshin tsare-tsare. 'Ya'yanmu da ke NDA a yau kuma, iyaye su riƙa gaya musu tun yanzu cewa duk rundunar da aka damƙa musu amanar jama'a ce, kuma ranar da aka ce su miƙa, su miƙa ta cikakkiya.