Tsarkaka a Littafin Addu'a: Tunawa, Ba Roƙo Ba

Wanda ya buɗe Littafin Addu'a na Ikkilisiyar Ingila na 1662 zai tarar da abu biyu da suke kamar suna karo da juna. A farkonsa akwai kalandar da ta keɓe ranaku domin manzanni, da Istifanus, da Ranar Dukan Tsarkaka a 1 ga Nuwamba. A ƙarshensa kuma, ta 22 cikin Ƙa'idodin Bangaskiya 39 ta ƙi roƙon tsarkaka, ta ce ba shi da tushe a Nassi. Mu dai ba mu ga saɓani a nan ba.

Amsar tana cikin addu'o'in ranakun. Ana fuskantar Allah ne da su, ana tuna bawansa, ana roƙon alherin bin sawunsa. Ba a roƙon Bitrus ko Bulus kome, gama matsakanci ɗaya ne (1 Timoti 2:5). Lutheran ma haka suka tsaya a Furcin Augsburg na 1530, sashe na 21: a tuna da su domin koyi, kada a nemi taimako gare su. Masu bin koyarwar Calvin sun ƙara tsauri, da yawansu suka watsar da ranakun gaba ɗaya. Tsoronsu yana da dalili, amma Ibraniyawa 11 kanta jerin sunayen mutanen bangaskiya ce.

Inda littafin ya gaza shi ne a ƙananan ranaku. Ya rubuta Perpetua a 7 ga Maris, Augustine na Hippo a 28 ga Agusta, Cyprian a 26 ga Satumba, dukansu 'yan Afirka ta Arewa, amma bai ba su addu'a ko karatu ba. Suna ne kawai ba labari. Kalandun baya sun gyara wannan, suka kuma ƙara sababbin shahidai, kamar Babban Bishop Janani Luwum na Uganda, wanda aka kashe a Fabrairu 1977 a mulkin Idi Amin. Angilikan ba su da tsarin bincike da tabbatar da mu'ujizai irin na Roma. Majalisar ikkilisiya ce ke amincewa a sa sunan mutum.

A wurinmu akwai kuma batun kalma. In mun ce waliyyi, Bahaushe zai iya jin mai karama wanda ake ziyartar kabarinsa neman albarka. Sabon Alkawari kuwa yana kiran dukan masu bi tsarkaka, har da na Koranti da rigingimunsu (1 Korantiyawa 1:2). Wajibi ne mai wa'azi ya fayyace wanne yake nufi.

Abin da ya fi damunmu ba bautar tsarkaka ba ce, mantuwa ce. Majami'a nawa ke ɗauke da sunan Andarawus ko Luka, ranarsa ta wuce ba wanda ya sani? Matasanmu nawa za su iya ba da labarin Bishop Samuel Ajayi Crowther, wanda ya rasu a 1891, balle na masu bisharar da suka fara kafa ikkilisiya a garinsu? Muna da shahidai na zamaninmu, gwaurayensu da marayunsu suna zaune a gabanmu kowace Lahadi.

Saboda haka idan ranar wani tsarkaka ta zo, mu faɗi labarinsa da gaskiya, har da kasawarsa, mu gode wa Allah dominsa, sa'an nan mu miƙa roƙonmu ga Uba ta wurin Almasihu kaɗai.